Gari ɗaya, sunaye da yawa

Yara, ku buɗe littafin tarihi wanda aka rubuta da Faransanci, ku nemi labarin sarki Charlemagne. Za ku ga an ce fadarsa tana wani gari mai suna Aix-la-Chapelle. To, ku ɗauko taswirar ƙasar Jamus wadda Jamusawa suka buga da kansu, ku nemi wannan gari. Ko kun kwana kuna nema ba za ku gan shi ba. Ba rushewa ya yi ba, ba kuma mai taswira ne ya manta da shi ba. Garin yana nan daram, mutanensa sun kai wajen 250.000. Sai dai masu garin ba su kiransa haka. Su Aachen suke cewa.

Ɗan makarantar da bai san wannan ba sai ya ɗauka garuruwa biyu ne. Ranar jarrabawa mushe ya tambaye shi inda aka binne Charlemagne, ga amsa a kansa, amma da ya ga an rubuta sunan da bai saba da shi ba sai ya rikice. Mu da muke karatu da harshe biyu, irin wannan tarko yana gabanmu kullum. Shi ya sa ya kamata mu san inda sunayen nan suka fito.

Da farko mu gyara bakinmu. Aix-la-Chapelle ana faɗinsa kamar Eks-la-Shapel. Aachen kuwa, a ja wasalin farko, sa'an nan ch ɗin ya fito daga maƙogwaro kamar harafin kha na Larabci, wanda kuka koya a makarantar allo. Charlemagne kuma Sharleman ne.

Garin yana can ƙarshen yammacin Jamus. Mutum yana fita daga cikinsa kaɗan sai ya iske wurin da iyakar ƙasa uku ta haɗu: Jamus, Beljiyam da Holan. Kowane maƙwabci da nasa sunan. Mutanen Holan suna ce masa Aken. Mutanen Italiya suna cewa Aquisgrana, na Spaniya Aquisgrán. Su kansu ƴan garin, in suna hira da karin harshensu na gida, Oche suke cewa. Direban da ya taso daga Liège a Beljiyam, inda ake jin Faransanci, in bai yi hankali da allunan hanya ba sai ya zaci ya ɓata. Liège ɗin ma bai tsira ba: Jamusawa suna kiransa Lüttich, masu harshen Holan suna kiransa Luik.

Ruwan zafi

Duk sunayen nan, in an bi sawunsu, wuri ɗaya suke komawa, wato ruwa.

Wanda ya tashi a Agadas ya san labarin Tafadek, can arewa cikin duwatsun Abzin, inda ruwa yake ɓuɓɓugowa daga ƙasa da zafinsa. Masu ciwon gaɓoɓi da masu ciwon fata sukan je su yi kwanaki suna wanka. To, Aachen ma haka yake. Ruwan sama yana nutsewa can cikin ƙasa, inda duwatsu suke da zafi, ya ɗumama, sa'an nan ya biyo tsagar dutse ya fito. A wata unguwar garin da ake kira Burtscheid zafin ruwan ya wuce digiri 70. Ku tuna ruwan tukunya a digiri 100 yake tafasa. Ga shi kuma da wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, saboda farar wutar da ke cikinsa.

Kusan shekara dubu biyu da suka wuce sojojin Rum suka mallaki wannan yanki. Rumawa mutane ne masu son wanka ƙwarai. Duk inda suka sami ruwan zafi sai su gina ɗakunan wanka, gari ya kafu. Harshensu Latin ne, kuma da Latin ruwaye su ne aquae, in ana nufin "a wurin ruwaye" sai a ce aquis. Littattafan zamanin baya suna kiran garin Aquisgranum. Masana suna danganta rabin sunan na biyu da Grannus, wani abin bauta na mutanen yankin, wanda suke cewa shi ne mai warkarwa.

Harshen Faransanci ɗan Latin ne. Amma bakin mutane yana cin kalma kamar yadda kogi yake cin gaɓa. Shekara da shekaru ana faɗin aquis, ana gutsure shi, har ya koma Aix. Italiyawa da Spaniyawa ba su gutsure nasu da yawa ba, shi ya sa har yau kuna jin Latin ɗin a cikin Aquisgrana. Jamusawa kuwa suna da tasu tsohuwar kalma, ahha, ita ma ma'anarta ruwa, daga gare ta Aachen ya fito. Wannan ahha da aqua ta Latin ƴan'uwa ne, kakarsu ɗaya. Ke nan Bafaranshe da Bajamushe ba saɓani suka yi ba. Abu ɗaya suke faɗi, kowa da bakinsa.

Amma akwai matsala. Garuruwan da Rumawa suka gina a bakin ruwan zafi suna da yawa, saboda haka Aix ba ɗaya ba ne. Akwai ɗaya a kudancin Faransa, kusa da Marseille, akwai wani a gindin duwatsun Alpes. In an ce Aix kawai, wanne ake nufi? Sai aka ƙara wa kowanne laƙabi. Na kudu ya zama Aix-en-Provence, da sunan lardinsa. Na gindin duwatsu ya zama Aix-les-Bains, wato na wuraren wanka. Mu ma haka muke yi. Birni ba ɗaya ba ne, shi ya sa muke cewa Birnin Ƙonni, Birnin Kabi, Birnin Gwari. Na Jamus sai aka laƙaba masa la Chapelle. Chapelle ɗakin ibada ne na Kirista, wanda bai kai babbar majami'a ba, irin wanda sarki yakan gina a cikin fadarsa. Wane ɗakin ibada ne wannan da har ya shiga sunan gari?

Sarkin da ya so wanka

Charlemagne sarkin wata al'umma ce da ake kira Francs. Ya hau mulki a 768. Ya yi yaƙe-yaƙe da yawa, har ƙasarsa ta haɗa Faransa ta yau, da Beljiyam, da Holan, da babban yanki na Jamus, da arewacin Italiya. A shekara ta 800 Paparoma ya naɗa shi sarkin sarakuna a birnin Rum.

Sarakunan Francs na farko ba su da babban birni ɗaya. Yawo suke yi da fadawansu daga gida zuwa gida, in abincin wannan ya ƙare su tashi zuwa wancan. Da girma ya fara kama Charlemagne sai ya zaɓi Aachen ya zauna. Wani bafadensa mai suna Eginhard, wanda ya rubuta tarihinsa, ya ce ruwan zafin ne ya ja shi. Sarkin gwanin iyo ne. Yakan gayyaci ƴaƴansa da hakimai da dogarai, wani lokaci mutum ɗari ko fiye su shiga ruwa tare.

Wannan marubuci ya ba da wani labari da ya kamata ɗan makaranta ya ji. Charlemagne ya iya magana da Latin, yana son ilimi, ya tara malamai daga ƙasashe, babbansu Alcuin daga Ingila. A 789 ya ba da umarni a buɗe makarantu don koya wa yara karatu. Amma shi kansa rubutu ya gagare shi. Yakan ajiye allo ƙarƙashin matashinsa, in barci ya ƙi zuwa ya ɗauko ya gwada haruffa. Hannun da ya saba da takobi bai saba da alƙalami ba, don ya fara a makare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A cikin fadar nan ya sa aka gina ɗakin ibada wajen shekara ta 800. Ginin yana da kusurwa takwas, da ƙubba mai tsawo a bisa. An ɗauko ginshiƙan marmara tun daga Rum da Ravenna a Italiya, aka tsallako duwatsu da su. A bene akwai gadon sarauta na fallayen farin dutse, ba ado, ba zinariya, ana hawansa da matakala shida. Mutanen arewacin Turai na lokacin ba su saba ganin gini irin wannan ba. Da sarkin ya rasu ranar 28 ga Janairu 814, a cikinsa aka binne shi. Fadar ta rushe tun da daɗewa, amma ɗakin ibadar yana tsaye, shi ne tsakiyar babbar majami'ar garin a yau. Shi ne chapelle ɗin da ke cikin sunan.

Kafin mu wuce, ga labarin giwa. Kun san Haruna Rashidu, halifan Bagadaza, wanda ake ambata a Dare Dubu da Ɗaya. Shi da Charlemagne zamaninsu ɗaya, har sun yi aike tsakaninsu. Halifa ya aiko masa da kyautar giwa mai suna Abul Abbas. Wani Bayahude, Ishaku, shi ya rako ta. Suka ƙetare bahar Rum cikin jirgin ruwa, suka sauka Italiya a 801, suka jira sanyi ya wuce, sa'an nan suka tsallake duwatsun Alpes. A watan Yuli na 802 giwa ta shiga Aachen. Ku da kuka san wahalar ayarin Bilma, ku kwatanta wahalar mai jan giwa daga Bagadaza zuwa Jamus. Ta yi shekara takwas a can, ta mutu a 810.

Kun lura? Mu ma ba mu ce Baghdad ba. Bagadaza muka ce.

Na wa ne garin?

Bayan Charlemagne jikokinsa uku suka raba ƙasar a 843. Daga yankin yamma Faransa ta fito, daga na gabas Jamus ta fito. Shi ya sa har yau kowace tana cewa sarkin nata ne. Faransawa suna ce masa Charlemagne, Jamusawa suna ce masa Karl der Große, duka biyun ma'anarsu Karl Babba. Aachen dai a hannun Jamusawa ya ƙare. Daga 936 zuwa 1531 a nan aka naɗa sarakunan Jamus 31, kowanne sai ya hau gadon dutsen nan kafin sarautarsa ta cika.

To, me ya sa sunan Faransanci ya bazu haka a duniya? Dalili shi ne a ƙarni na 17 da na 18 Faransanci ne harshen sarakuna da jakadun Turai. In za su yi sulhu sukan taru a gari mai wurin hutawa da ruwan wanka. An ƙulla sulhu a Aachen a 1668, aka sake ƙulla wani a 1748, aka kuma yi babban taron sarakuna a 1818. Littattafai da yawa suka rubuta su da sunan Aix-la-Chapelle. Har Ingilishi sun daɗe suna amfani da sunan Faransancin.

An yi lokacin da garin ya shiga hannun Faransa sosai. Sojojinta sun kama shi a 1794, ya zama hedkwatar wani lardi nata har 1814. Amma ku riƙe wannan: ba a lokacin aka raɗa masa Aix-la-Chapelle ba. Sunan ya girmi mamayar da ɗaruruwan shekaru. A Yaƙin Duniya na Biyu garin ya sha wuta, shi ne babban garin Jamus na farko da sojojin Amurka suka kama, a watan Oktoba 1944. Majami'ar ta tsira.

Ba Aachen kaɗai ba ne. Köln shi ne Cologne, Mainz shi ne Mayence, Trier shi ne Trèves, München shi ne Munich. Regensburg kuwa Ratisbonne ne, kamar ba su haɗa komi ba. Ƙaramin ƙauye ba ya samun irin wannan. Sai garin da baƙi suka daɗe suna zuwa, suna ciniki, suna ambatonsa a gidajensu.

Mu dawo gida

Hausawa ma gwanaye ne a wannan aiki. Fatake da alhazai sun yi ta yawo, duk garin da suka sani suka gyara sunansa ya dace da bakinsu. Tripoli ya zama Turabulus, Istanbul ya zama Santambul, Eko ya zama Ikko, wanda Turawa suke kira Legas. Ƙasar da muke magana a kanta, masu ita suna cewa Deutschland, Faransawa suna cewa Allemagne, mu muna cewa Jamus, sunan da muka aro daga bakin Ingilishi.

Ƙasarmu ta duwatsu suna biyu gare ta. Masu jin Tamajak suna cewa Ayar, shi ne Faransawa suka rubuta Aïr. Hausawa suna cewa Abzin ko Azbin, mutanenta Abzinawa, sarkinta Sarkin Abzin. A watan Oktoba 1850 wani Bajamushe ɗan Hamburg, Heinrich Barth, ya sauka Agadas. Ya ga naɗin Sarkin Abzin Abdulƙadiri da idonsa. Ya ga hasumiyar babban masallaci, mai tsawon mita 27, shekara shida bayan an sabunta ta a 1844. Da ya koma ya rubuta littafin tafiyarsa, sai ya sa sunayen ƙasar duka biyu, don ya ji ana faɗin kowanne. Shi ma kansa ya canza suna a hanya: Abdulkarimu ake kiransa. Gidan da ya sauka yana nan cikin tsohon gari, baƙi sukan je su gani.

Akwai wani abin da ya haɗa garuruwan biyu. Hukumar UNESCO tana da jerin wuraren tarihi na duniya waɗanda ya wajaba a kiyaye. Majami'ar Aachen tana cikin goma sha biyun farko da aka sa a 1978. Tsohon garin Agadas, da masallacinsa da fadar sarki, ya shiga a 2013. Ɗaya ginin dutse, ɗaya ginin laka da itace, amma littafi ɗaya ya ɗauke su.

Sai dai a yi hattara, ba kowane suna biyu ne irin na Aachen ba. A ganina iri uku ne, kuma wanda ya fi rikita ƴan makaranta shi ne mafi sauƙi.

Ku dubi taswirar Nijar ta Faransanci. Za ku ga Tahoua, Tessaoua, Madaoua, Dogondoutchi. Waɗannan ba sunayen Faransanci ba ne. Namu ne, aka rubuta su da ƙa'idar wani harshe. Bafaranshe ba ya karanta harafin u yadda muke karanta shi, saboda haka in yana son sautin u ko w sai ya rubuta ou. In yana son c sai ya rubuta tch. In yana son j sai ya rubuta dj. Ba shi da ɗ, ba shi da ƙ, ba shi da ɓ, sai ya bar ƙugiyar. Ku cire wannan riga za ku ga Tawa, Tasawa, Madawa, Dogon Dutsi. Maradi kuma Maraɗi ne. Agadas ma an rubuta shi Agadès, an rubuta shi Agadez. Abin takaici shi ne yaro ya karanta Dogondoutchi shekara da shekaru bai taɓa jin "dogo" da "dutsi" a ciki ba, alhali dutsen yana tsaye kowa yana ganinsa. Wani har yana jin kunyar faɗin sunan garinsu yadda kakarsa take faɗi, wai kada a ce bai yi lakwal ba. Kakar ce take da gaskiya.

Iri na biyu shi ne na Aachen, wato sunan da maƙwabci ya raɗa tun da daɗewa, ba da tilas ba. Abzin da Ayar haka suke. Babban koginmu ma haka: Hausawa Kwara, Zabarmawa Isa Beri, mutanen Mali na harshen Bambara Joliba. Zinder kuwa Hausawa sun fi kiransa Damagaram, da sunan masarautar. Ba wanda ya yi kuskure a nan. Jamusawa ba su neman Faransawa su daina cewa Aix-la-Chapelle.

Iri na uku daban ne. Shi ne sunan da mai bindiga ya ɗora. A 1899 wata rundunar Faransa ta ratso hamada ta sauka Agadas, shugaban sojojinta kwamanda Lamy. Daga nan suka wuce Damagaram, suka nufi tafkin Cadi, aka kashe Lamy a yaƙin da suka yi da Rabe a 1900. Sai Faransawa suka sa wa sansaninsu na bakin kogin Shari sunansa, Fort-Lamy. Garin ya girma ya zama babban birnin Cadi. A 1973 mutanen ƙasar suka sauke sunan, suka ce N'Djamena. Haka Haute-Volta ta zama Burkina Faso a 1984. A Yamai ma, cikin watan Oktoba 2024, an cire sunan Charles de Gaulle daga wani babban titi aka sa na Djibo Bakary. Irin wannan suna ne mutane suke canzawa in sun sami iko, domin ba daga bakin jama'a ya tsiro ba.

To, wanne za ku rubuta? Ku dubi harshen da kuke aiki da shi. In darasin Faransanci ne, ku rubuta Aix-la-Chapelle, daidai ne. In wasiƙa za ku aika, ko tikitin jirgin ƙasa za ku saya a Jamus, ku rubuta Aachen, don shi ne a allon tasha. In da Hausa kuke rubutu, ku sa sunan da masu garin suke amfani da shi, tun da kakanninmu ba su yi fatauci can ba balle su raɗa masa nasu. Amma Tawa da Maraɗi da Agadas, in da Hausa ne, a rubuta su da ƙa'idar Hausa, da ƙugiyarsu.

In kun koma gida yau, ku tambayi wani tsoho ko tsohuwa sunan unguwarku da na rijiyar da ta fi kusa da ku. Ku tambaya ko masu jin Tamajak ko Fulatanci suna da wani sunan dabam. Ku rubuta abin da kuka ji da Hausa, sa'an nan ku gwada rubuta shi yadda Bafaranshe zai rubuta. Gobe kowa ya zo da nasa, mu jera su a babban allo.